Langar Zakara a Ɗakin Iya

Ranar ashirin ga watan azumin shekarar 1956, da rana tsaka, ina tsugune gaban tabarmar wani ɗan koli a kasuwar Tudun Wada. Shekarata tara a duniya, kuɗin mahaifiyata kuma suna ƙulle a bakin zanena. Zafin bazara ya sa ƙasa tana ƙona tafin ƙafa, masu azumi duk sun lafe a inuwar rumfuna, ba ka jin komai sai kukan awaki da ƙarar maƙera can gefe. Ɗan kolin ya baza kwanonin fenti masu murfi, irin waɗanda muke kira langa, ya turo guda biyu gabana. Ɗaya fara ce mai jajayen furanni, ita aka aiko ni in sayo. Ɗayar kuwa ruwan ɗorawa ce mai shuɗin baki, a jikinta an zana wani zakara mai jan zanko da koriyar jela, ya miƙe wuya kamar yanzu zai yi cara. Tun da aka haife ni ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba. Na kalli farar, na kalli zakaran, na ji bakin zanena ya yi mini nauyi.

Ƙauyenmu tafiyar hantsi ce daga Tudun Wada, ta wajen da ake dosar dajin Falgore. Gidanmu na manoma ne, zaure ɗaya, rumbuna uku, turken awaki a kusurwa, da wata tsohuwar ɗorawa a bayan danga. Manyan mata biyu ne a cikinsa, Inna mahaifiyata da Iya wadda ta haifi Baba. Ni ce 'yar fari, saboda haka tun da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin Iya, can nake ci, can nake kwana. Inna ba ta kama sunana, ba ta kuma yi mini dariya a gaban mutane, kamar yadda kunyar ɗan fari ta gada. In tana son in ɗebo ruwa sai ta ce wa ƙanwata ta faɗa wa "yarinyar Iya". Na san ba ƙi ba ne, amma duk da haka nakan laɓe a bakin ƙofarta ina kallon yadda take taje wa ƙanwata kai suna hira.

Zaman Inna da Iya zaman lafiya ne, abu guda kaɗai ya raba su, wato kwalliyar ɗaki. Iya mutuniyar ƙwarya ce. In ka shiga ɗakinta na jinka ƙanshin hayaƙi da man kaɗanya ne zai fara tarbarka, sannan idonka ya sauka kan ƙorai manya da ƙanana, an kifa su bisa juna daga kan wani dakalin ƙasa har kusa da rufi, wasu kuma suna lilo a ragaya. Akwai farare tas da ta goge da yashi, akwai jajaye da aka rina da karan dafi, akwai masu zanen da aka ƙona da wuƙa mai zafi. Kowace tana da faifanta wanda Iya ta saƙa da hannunta, kowace kuma da tarihinta. Wannan da ita ta zo gidan, waccan a ciki aka yi wa Baba wanka yana jariri. Ko wadda ta tsage ba ta yar da ita, sai ta kira gyartai ya ɗinke mata. Takan ce, "Ƙwarya daga ƙasa ta fito kamar mu, shi ya sa ba ta ɓata wa fura ɗanɗano." Kwanon fenti kuwa gwangwanin Turawa take kiransa, ta ce in ya faɗi ya tashi unguwa, in ya fige babu gyartan da zai iya masa.

Inna kuma daga Kiru aka auro ta, ta taɓa zuwa biki birnin Kano sau ɗaya, ta ga yadda matan can suke jere, abin bai taɓa fita daga ranta ba. Tana son launi mai ɗaukar ido, amma tana son komai ya yi daidai da ɗan'uwansa. A ɗakinta akwai wani katako da Baba ya kafa mata a bango, a tsakiyarsa ta ajiye babbar tasar tagulla ta gado, biyu daga cikin langar nan mai jan fure a dama, ɗaya a hagu. Kowace ƙaramar Sallah take ƙara guda, da kuɗin zaren da take kaɗawa. Wurin ta huɗun ya yi shekara cur yana jira. Sau nawa na ga Inna tana kaɗi da hantsi, mazari yana juyawa a cikin 'yar tasa, yatsunta fari da alli, ta ɗaga kai ta dubi gurbin nan na hagu ta sake sunkuyawa.

Da azumi ya raba tsakiya gidajen ƙauyen duk sukan rikice da gyaran ɗakuna, don kowace mace tana son masu yawon barka da Sallah su shiga ɗakinta su fita da labari. Aikinmu ne mu 'yan mata mu je gaɓar rafi mu haƙo farar ƙasa ta shafen bango, mu dawo fuska da kai duk fari, tsofaffi suna tambayarmu ko daga cikin rumbun gari muka fito. Mu ne kuma masu tara ɓawon ɗorawa, a jiƙa shi a tsohuwar randa har ruwan ya yi baƙi-baƙi, shi ne makubar da ake yayyafa wa daɓe ya yi ƙarfi ya yi sheƙi. Tsakanin wannan aike da wancan mukan yada zango a gindin ɗorawa mu yi carafke, ko mu shata ɗakuna a ƙasa mu yi namu jeren da sakaina da fasassun kasake. Ƙawayena sukan jera nasu daga babba zuwa ƙarami. Ni kuwa sai na nemo wani abu dabam na sa a tsakiya, gashin zabuwa ko ɓallin koren kwalba. In Iya ta zo wucewa da itace takan tsaya ta duba, ta ce, "Ido ba mudu ba, ya san ƙima. Amma naki idon, ƙawata, ya cika rawar kai."

Inna ba ta zuwa kasuwa, Baba ne yake sayo mata langa a shekarun baya. A waccan shekarar an yi ruwan farko a daren sha tara, Baba ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai bar shukar gero ya tafi sayen kwano ba. Iya za ta kai daddawarta kasuwa, amma ta riga ta faɗa cewa ita ba ta san kan gwangwanaye ba, kada a ɗora mata. Da gari ya waye ina shara a tsakar gida, sai na ji Inna ta ce, "Ke, zo nan." Na waiga in ga da wa take, babu kowa sai ni. Ta shigar da ni ɗakinta, ta sauko da langa ɗaya ta sa mini a hannu, ta ce in dubi furen da kyau, ganye biyar ne, ja, jikin kwanon fari, murfin ma haka. Ta tsuguna da kanta ta ƙulle mini kuɗin a bakin zane, ƙulli biyu, ta gyara mini ɗankwali. Ban tuna ranar da hannunta ya taɓa kaina kafin wannan ba. Duk tsawon hanyar Tudun Wada, ina bayan Iya ɗauke da ƙwaryar daddawa, ƙasa tana ƙanshin ruwan jiya, mutane sun cika gonaki da sungumi, ni ji nake kamar an naɗa ni sarauta.

A kasuwa Iya ta nuna mini tabarmar ɗan koli da baki, ta wuce layin masu daddawa, ta ce in na gama in same ta. Haka na tsinci kaina gaban langa biyu. Ɗan kolin, wani dattijo mai furfura a gemu, ya lura da inda idona ya maƙale. Ya ce mai furen kowane gida akwai ta, amma mai zakaran guda ɗaya ce ta zo a cikin kaya, kuma kuɗinsu ɗaya. Ban ce ya yaudare ni ba, gaskiya ya faɗa. Ni ce na zauna na shirya wa kaina zance, na ce ai Inna ba ta taɓa ganin irin wannan ba shi ya sa ta ce mai fure, in ta gan shi za ta ce na fi Baba iya saye, ta kira maƙwabta su zo su gani, wataƙila ma ta yi kuskure ta kama sunana. Na kwance ƙulli biyun nan na miƙa, ya naɗe mini zakara a cikin tsumma. Iya ba ta ce in buɗe ba, ta dai saya mini 'yar jigida da lalle, muka kamo hanya da la'asar. Sai da muka hango ɗorawar gidanmu sannan zancen da na shirya ya fara warwarewa.

Inna tana bakin murhu tana dama kunun buɗa-baki. Ta wanke hannu, ta karɓi ƙunshin, ta kwance a hankali. Ta daɗe tana kallon zakaran. Ba ta yi faɗa ba, ba ta tambaye ni ko babu mai fure ba, ina jin ta karanta amsar a fuskata. Ta mayar da tsumman ta rufe, ta shiga ɗaki ta tura shi ƙarƙashin gado, ta dawo ta ci gaba da damunta. Da duka ta yi mini da ya fi sauƙi. Baba da ya dawo daga gona ya ji labari, ya sa aka fito masa da langar, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce to yanzu gidan nan an daina makara sahur. Babu wanda ya taya shi. Iya ta dube ni ta ce, "Ɗan aike ƙafa ne, ba ido ba." Ban iya shan kunu ba ran nan.

Kwanakin da suka biyo baya na zama baiwar aiki ba tare da kowa ya sa ni ba. Na cika randuna tun kafin rana ta fito, na tankaɗe farar ƙasa, na riƙe wa Inna ƙwarya tana shafe bango da tsumma. Ranar daɓen ɗakinta matan maƙwabta suka taru da madaɓansu, aka zuba tsakuwa, aka yayyafa makuba, suka durƙusa a jere suna bugu tare suna waƙa, gidan yana amsawa dim, dim, har cikin ƙirji. Na yi ta safarar ruwa har wuyana ya ƙage. Da ɗakin ya bushe aka mayar da kaya, Inna ta hau turmi ta jera tasa a tsakiya, biyu a dama, ɗaya a hagu, ta bar gurbin kamar yadda yake. Wata maƙwabciya ta tambaye ta ina langar bana, Inna ta ce Allah bai nufa ba. Na fita bayan gida na zauna a gindin ɗorawa na yi kuka mai isata. Na gane cewa ba kwano kaɗai na ɓatar ba, kaɗin shekara guda ne, da kuma wannan kira na "ke, zo nan" wanda ban san ko za a sake ba.

Akwai wata Bafulatana, Goggo Dije, da take kawo mana nono daga rugarsu ta bakin daji. Ƙawar Iya ce tun suna da ƙarfinsu, kuma ta yi shekaru tana naci a sayar mata da wata babbar ƙwarya da ke saman jeren Iya, ja mai zanen ƙuna har gindi, tana son ta sa a kayan auren 'yarta. Kullum Iya takan ce ko da saniya aka zo ba za ta bayar ba. Ana saura kwana ɗaya kasuwa ta sake ci, Goggo Dije ta zo da hantsi, suka gaisa, suka tambayi shanu da gonaki, sai Iya ta ce in hau dakali in sauko da jar ƙwaryar. Na ɗauka gogewa za a yi. Ta karɓa, ta shafa ta da tafin hannu ciki da baya, ta ɗora mata faifanta ta miƙa wa ƙawarta. Goggo Dije ta ce, "Lafiya, Iya?" Iya ta ce, "Lafiya lau. Ta gaji da ni ne, tana son ta ga daji." Suka shiga ɗaki suka yi maganarsu, ban ji ba.

Washegari, ashirin da bakwai ga wata, Iya ta tashe ni muka sake kama hanyar Tudun Wada, ita da azumi a bakinta da sandarta a hannu, geron da aka shuka har ya fara tsiro a gefen hanya. Wannan karon ba ta nuna tabarmar ɗan koli da baki ba. Ta je ta tsuguna da kanta, ita da ta ce ba ta san kan gwangwanaye ba, ta sa aka fito mata da duk masu jan fure, ta ƙwanƙwasa kowace da ɗan yatsa kamar mai sayen tulu, ta duba gindi, ta gwada murfi. Sannan ta juyo ta ce, "Ƙawata, ganye nawa aka ce miki?" Na ce biyar. Ta ce to in duba in tabbatar, in kuma na sake hango wani tsuntsu in rufe ido. Ɗan kolin ya yi ta dariya har ya ƙara mana da ɗan madubi gyara.

Da muka iso gida Iya ta wuce kai tsaye ɗakin Inna, abin da ba ta cika yi ba, ta ajiye ƙunshin a gabanta. Ta ce, "Ga taki. Ki ba ni zakaran ƙawata, na saya." Inna ta kwance, ta ga jan fure, ta dubi Iya, ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Iya, da ba ki wahalar da kanki ba." Iya ta ce wahala ta riga ta wuce, a dai miƙo mata zakara kafin ya mutu a ƙarƙashin gado. A nan ne Inna ta yi dariya, a gabana, har ta kai hannu ta rufe baki. Ta hau turmi ta cike gurbin hagu, ta sauko ta ja da baya tana kallo. Ba ta juyo ba ta ce, "Ya yi daidai kuwa?" Babu kowa a ɗakin sai ni, don Iya ta riga ta fita. Na ce ya yi.

Ranar Sallah gari ya waye da ɗan yayyafi, aka tafi idi, aka dawo aka ci tuwon shinkafa da miyar taushe. Hannuwana sun yi jawur da lalle, kuma Inna ce ta ƙunsa mini da kanta, ni da ƙanwata a tabarma ɗaya. Mata suka yi ta shigowa barka da Sallah. Su fara da ɗakin Inna, su yaba bango fari tas da daɓe mai sheƙi da jajayen furanni huɗu sun sa tasa a tsakiya. Daga nan su wuce gaida Iya, sai ka ji an yi shiru, sannan dariya ta ɓarke. A can saman jeren ƙorai, inda jar ƙwarya take a da, zakarana ne zaune ya miƙe wuya, Iya har ta saƙa masa ɗan faifai mai shuɗin baki ta shimfiɗa masa. Tsofaffi 'yan'uwanta suka sa ta gaba da tsiya, wai yau ga gwangwanin Turawa a ɗakin Iya, lallai duniya ta zo ƙarshe. Ita ko a jikinta, tana raba musu goro tana cewa, "Ba nawa ba ne, ajiya aka ba ni. Kowa da kiwon da ya karɓe shi." Har ta bar duniya ba ta taɓa zuba abinci a cikinsa ba, amma duk Sallah shi take fara gogewa.

Bayan wannan Sallar Inna ta ci gaba da aikena kasuwa, atamfa ce ko tozali ko zaren saƙa. Takan faɗa mini abin da take so dalla-dalla, in sayo shi yadda ta ce. Amma in na dawo wani lokaci takan tambaya, tana kallon wani wajen, ko na ga wani abu da ya burge ni. In na kwatanta mata sai ta girgiza kai ta ce wannan sai ɗakina.

Yanzu in Sallah ta matso jikokina sukan zo su nuna mini labule da kujeru a cikin waya, su zaɓa a yau a kawo musu gobe, baɗi kuma su ce an daina yayinsa. Ɗakunansu suna da kyau, ba na musu, sai dai in na shiga na wannan na shiga na waccan ba na iya gane na wace ce. A ƙauyenmu kana ɗaga asabari za ka san matar da ke ciki, ka san abin da take so da shekarun da ta yi tana jiransa. Rafin da muke haƙo farar ƙasa an ce ya zama gona, masu daɓe kuma duk sun kwanta dama. Nakan zauna a nawa ɗakin mai siminti, in ji kunnena yana neman wannan dim, dim na ƙarshen azumi. Kayanmu kaɗan ne a lokacin, amma kowanne akwai wanda ya sha rana dominsa.